Sun gudu daga mai gida, mai gida ya je ya saye gidan da suka koma

1/ Yau labarin wasu mutane zan ba ku, waɗanda suka kwashe shekara kusan 20 suna rubuta kundi kyauta, ba albashi ba alawus. Sun yi fushi da mai gidan da suke zaune sun tattara kayansu sun tashi. Bayan shekara 8 mai gidan ya je ya saye inda suka koma. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/ Duk wanda ya taɓa neman bayanin Naruto ko Game of Thrones a Google ya taɓa faɗawa wani shafi mai suna Fandom. Kana buɗewa bidiyo ya kunna kansa, talla sama talla ƙasa, data na tsiyaya. Yawancinmu mun ɗauka ma'aikatan kamfanin ne suka rubuta abin da ke ciki. Ba su ba ne. Masoya ne irina irinka, da daddare bayan an tashi aiki.

3/ Wiki dai shafi ne da kowa zai iya shiga ya gyara, kuma duk gyaran da aka yi yana nan ajiye da sunan wanda ya yi shi da lokacin da ya yi. Wani Ba'amurke, Ward Cunningham, ya ƙirƙiro na farko a 1995. Kalmar daga harshen mutanen Hawaii ya aro ta, ma'anarta sauri. Wikipedia ta zo a 2001, ita ta sa duniya ta san abin.

4/ To amma Wikipedia tana da ƙa'ida: abu ba ya samun shafinsa sai in jaridu ko littattafai masu zaman kansu sun yi magana a kansa. Su kuwa masoya fim da wasanni so suke kowane takobi, kowane doki, kowane ɗan aiken da ya gifta na minti ɗaya ya samu shafinsa. A rubuta, a goge. A sake rubutawa, a sake gogewa. Da suka gaji sai suka fara buɗe nasu.

5/ Masoya Star Trek sun buɗe Memory Alpha a 2003. Na Star Wars sun buɗe Wookieepedia a 2005, na Pokémon ma Bulbapedia a shekarar. Namu na yau shi ne na wasan World of Warcraft.

6/ Ga wanda bai san shi ba: wasan kwamfuta ne na kamfanin Blizzard da ke California a Amurka, ya fito ranar 23 ga Nuwamba 2004. A intanet ake yin sa, dubban mutane a duniya guda mai suna Azeroth, kowa da jaruminsa, ana biyan kuɗi duk wata. A 2010 masu biya sun kai miliyan 12. Wato sun fi yawan mutanen Jamhuriyar Benin a wancan lokacin.

7/ A watan da wasan ya fito wasu 'yan wasa suka buɗe WoWWiki. Manhajar da suka ɗora shi a kai ita ce MediaWiki, wadda Wikipedia ke amfani da ita. Duk wanda ya taɓa gyara ko da harafi ɗaya a Wikipedia ta Hausa, in ya shiga can zai gane ko'ina: ga maɓallin gyara, ga tarihin shafi, ga shafin tattaunawa inda ake cacar baki.

8/ Bari in ɗan tsaya kan aikin da suke yi, don in ba a gane nauyinsa ba, ba za a gane abin da ya sa rigimar ta yi zafi ba.

9/ A wasan ana ba ka aike: je ka kashe kaza, kawo kaza, kai wa wane saƙo. Dubbai ne. Kowane ɗaya sai wani ya zauna ya kwafe abin da mai aiken ya faɗa kalma da kalma, ya rubuta inda ake karɓa, inda ake kaiwa, ladan da ake samu, da aiken da ke biye da shi. Sannan ya ɗauki hoto ya ɗora. Aike ɗaya ke nan fa.

10/ Wani kuma ba ya rubuta sabon shafi ko ɗaya. Aikinsa kullum ya buɗe jerin sababbin canje-canje ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Yaro ya shigo ya goge shafi ya rubuta zagi, ya mayar. Mai tallan sayar da zinaren wasa ya cusa adireshinsa, ya cire ya toshe shi. Irin masu sharar masallaci kafin asuba, ba wanda ya san su sai ranar da ba su zo ba.

11/ Akwai masu kula da labarin duniyar kanta: wane ne sarkin ina, wa ya haifi wa, wane yaƙi ya riga wane. Su ne suka fi kowa tsanani. Ba ka isa ka rubuta abu ba sai ka kawo hujja, wane littafi, shafi na nawa, ko wane aike ne a cikin wasan. In hasashenka ne, akwai sashe daban can ƙasa da aka rubuta wa alama cewa wannan zato ne kawai.

12/ Kuma ƙasa na iya zamewa ƙarƙashin ƙafarsu a kowane lokaci. A 2011 Blizzard ya ce wasu littattafan wasan tebur na Warcraft, waɗanda editoci suka yi shekaru suna kafa hujja da su, ba sa cikin ingantaccen labari. Ka yi tunanin shafuka nawa ne aka bi ana ware wannan daga wancan, ana manna gargaɗi. Ba su goge ba. Sun ware, sun sa alama.

13/ Sai masu fasaha. Wasan ya yarda 'yan wasa su ƙera ƙananan manhajoji na kansu da yaren Lua don gyara yadda allo ke bayyana. Bayanin yadda ake yin haka dalla-dalla, wane umarni ke yin me, masu sa kai ne suka gwada da kansu suka rubuta a wikin. Masu ƙera manhajojin nan shekara da shekaru can suke zuwa duba abu.

14/ Abin da ni ya fi burge ni shi ne wannan: littafi in an buga ya bugu, fim in ya fito ya fito. Wasan intanet kuwa kullum ana shafe jiya a rubuta yau a kanta. In kamfani ya cire wani gari, ya tafi ke nan, ba ka da hanyar komawa ka gani.

15/ Misali. A Satumba 2005 wata cuta da aka tsara wa wani dodo mai suna Hakkar, wadda ya kamata ta tsaya a inda ake yaƙi da shi, ta tsallake ta shiga birane ta jikin dabbobin 'yan wasa. Ƙananan jarumai suka dinga zubewa, wasu suka gudu daji, wasu suka dinga yaɗa ta da gangan. Har masana annoba suka yi rubutu a kai a mujallar Lancet Infectious Diseases a 2007.

16/ Kamfanin ya gyara kuskuren, ya wuce. Yau ba abin da za ka gani a cikin wasan da zai nuna maka yadda abin ya kasance. Abin da ya rage shi ne hotuna da bidiyon da mutane suka ɗauka, da abin da suka zauna suka rubuta. Shi ya sa masu wikin nan ba sa ɗaukar kansu masu bayanin wasa kawai. Taskar tarihi suke gani suna riƙe da ita.

17/ To, mu koma kan mai gida.

18/ A Oktoba 2004 Jimmy Wales, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Wikipedia, shi da Angela Beesley suka buɗe wani kamfani, Wikicities. A 2006 ya koma Wikia, a 2016 ya koma Fandom. A kula da kyau nan: Wikipedia gidauniya ce ke riƙe da ita, ba ta sa talla. Wannan kuwa kamfanin neman riba ne, kuma ba su haɗa komai a hukumance ba.

19/ Cinikin a bayyane yake. Ku kawo wikinku, mu ba ku wuri kyauta, mu biya kuɗin sabar, mu kula da ita in ta lalace. Mu kuma mu sa talla a gefe. Ga wanda ke biyan kuɗin sabar daga aljihunsa, ga jama'a na ta ƙaruwa, shafi na faɗuwa duk ranar da aka fitar da sabon abu a wasan, wannan tayi ne mai daɗi. A Mayu 2007 WoWWiki ya koma Wikia.

20/ Ya tafi da komai, har da adireshinsa, wowwiki.com. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

21/ Shekara uku ana zaman lafiya, ko in ce ana haƙuri da juna. WoWWiki ya zama ɗaya daga cikin manyan wikin da kamfanin ke taƙama da su. Wasu kam sun riga sun hango abin da ke tafe: masu wikin Transformers tun 2008 suka fice saboda yadda ake cusa talla cikin shafuka, suka kafa TFWiki da kansu.

22/ A kakar 2010 Wikia ya fito da sabon fasalin shafi, ana ce masa Oasis, ya ce dole kowa ya koma kai. Filin rubutu ya tsuke, an ware babban gefe na dama don talla da wasu tarkace. Ga mai karatu wannan ɗan canjin kwalliya ne. Ga edita kuwa bala'i ne.

23/ Dalili: wikin wasa cike yake da jadawali masu faɗi. Jerin makamai da ƙarfinsu, jerin abin da kowane dodo ke yarwa, akwatunan bayani da aka ɓata shekaru ana daidaita su. Duk an gina su ne kan faɗin da aka saba. An tsuke fili, sai jadawali ya fara hawa kan juna. Kuma aka ƙara da sharaɗin cewa masu gudanar da wiki ba su da ikon taɓa fasalin su mayar da shi yadda yake.

24/ Kamar ka shekara shida kana gina shago, kanta da kanta, rana ɗaya mai fili ya zo ya ja katanga ta tsakiya ya ce rabin nan na allon talla ne, kuma kada ka kuskura ka matsar da ko bulo ɗaya.

25/ Aka yi muhawara a shafin tattaunawa, doguwa. Mafi yawan masu gudanarwa da editocin da ke aiki kullum suka ce a tashi. A Oktoba 2010 suka buɗe Wowpedia, a ƙarƙashin kamfanin Curse. Ba su kaɗai ba, a wannan kakar Halopedia da SmashWiki da wikin The Simpsons duk sun bar Wikia.

26/ Wani zai ce, ya aka yi suka tafi da rubutun, ba na kamfanin ba ne? A'a. Duk abin da aka rubuta a wikin yana ƙarƙashin lasisin da ake kira CC BY-SA. A taƙaice: kowa na iya kwafa ya yi amfani da shi, muddin ya faɗi waɗanda suka rubuta, kuma ya bar wa na gaba irin wannan damar. Don haka suka kwashe shafukan da tarihin gyaransu suka ɗora a sabon wuri. Halal ɗinsu.

27/ Amma wuƙar baki biyu gare ta. Lasisin da ya ba su damar ɗauka, shi ya ba Wikia damar riƙewa. Kamfanin bai rufe tsohon wikin ba. Ya bar shi a buɗe, da sunansa, da adireshinsa, da duk rubutun da mutanen nan suka yi, talla na ci gaba da gudana a kai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

28/ Nan ne maganar adireshi ta dawo. Shekara shida duniya na nuna wowwiki.com: zaurukan 'yan wasa, jaridu, tsofaffin amsoshi. Google kuwa da irin wannan yake auna darajar shafi. Sabon wuri ya zo da rubutu iri ɗaya sak, ba wanda ya san shi. A idon injin bincike, tsohon shi ne asali, sabon shi ne mai kwafa. Alhali marubutan duk suna sabon.

29/ Kuma ku dubi lokacin. Saura makonni kaɗan a fitar da Cataclysm, 7 ga Disamba 2010, wanda ya rusa tsofaffin nahiyoyin wasan biyu ya sake gina su. Yankin Barrens ya tsage biyu, Thousand Needles ruwa ya cinye shi, ɗimbin tsofaffin aike aka cire. Wato aiki mafi girma tun kafa wikin ya faɗo a daidai lokacin da suke tsakiyar ƙaura.

30/ Abin da suka yi da shafukan abubuwan da aka cire ya nuna irin mutanen da muke magana a kai. Ba su share su ba. Sai su manna sanarwa a sama: an cire wannan daga wasa a sabuntawa mai lamba kaza. Shafin ya zauna. A lokacin kamar ɓata wuri ne. A 2019 Blizzard ya sake fito da wasan a tsohuwar siffarsa da sunan Classic, sai ga tsofaffin shafukan sun dawo da amfani.

31/ Sun samu wani tagomashi da wuri: a Disamba 2010 Blizzard ya fara sa mahaɗin Wowpedia a shafinsa na hukuma. Wannan ya taimaka sosai. Duk da haka shekara kusan goma aka yi da wiki biyu kan wasa ɗaya. Ɗaya ana sabunta shi kullum, ɗaya yana ta tsufa, amma sau da yawa shi sabon shiga ke fara cin karo da shi.

32/ Ni a ganina wannan ne ainihin cutarwar, ta fi ta talla. Mai karatu bai san an yi wata rigima ba. Ya nemi bayani, ya samu na shekara uku baya, ya yi amfani da shi, abu bai yi ba, ya ce wikin nan shirme ne. Sunan waɗanda suka tashi ne ke ɓaci a gidan da suka riga suka bari.

33/ Shi Curse ɗin wani Bafaranshe ne, Hubert Thieblot, ya kafa shi, kuma asalinsa ma daga rarraba ƙananan manhajojin World of Warcraft ya taso. Ɗan gida ne, a taƙaice. Ya buɗe sashen wiki mai suna Gamepedia, Wowpedia ya shiga ƙarƙashinsa. Wikin Minecraft da na Terraria ma can suke.

34/ Daga nan sai cinikin manya. A 2014 Amazon ya sayi Twitch kan kusan dala miliyan 970. A 2016 Twitch ya sayi Curse. A Disamba 2018 aka sanar cewa an sayar da sashen shafukan Curse, har da Gamepedia gaba ɗaya.

35/ Wa ya saya? Fandom. Wato Wikia da sabon suna. 😅

36/ Garin gudun gara an faɗa gidan zago. Ba wanda ya tambayi editocin, ba a kaɗa ƙuri'a ba, ba a buɗe muhawara a shafin tattaunawa ba. Mutanen da sai sun yi mako suna gardama kafin su canza sunan shafi ɗaya, sun wayi gari an sayar da rufin da ke kansu, kuma ga wanda suka guje wa shekara 8 baya.

37/ Abin dariya a ciki: yanzu kamfani ɗaya ke da wiki biyu kan wasa ɗaya, kuma kowa ya san wanne ne mai rai. A 2020 aka daina gyara WoWWiki aka mayar da shi ma'ajiya. Za ka iya cewa Wowpedia ya ci yaƙin. Sai dai a 2021 aka ɗauke shi daga adireshin Gamepedia aka mayar ƙarƙashin fandom.com, aka sa masa fasalin kamfanin. An dawo gidan jiya.

38/ Kafin a ce na cika son kai, bari in faɗi nasu. Riƙe shafin da miliyoyi ke shiga kuɗi ne na gaske, kuma wani ne zai biya. Akwai dubban ƙananan wiki, na wani littafi ko wani tsohon shiri, masu edita biyu ko uku, da ba don wuri kyauta irin na Fandom ba da ba su wanzu ba sam. Ba wanda ya ce kada a sa talla. Maganar ita ce nawa, a ina, kuma wa ke da ta cewa.

39/ Abin da ya canza lissafi shi ne wikin RuneScape. A 2018 editocinsa suka fice daga Fandom, amma ba su nemi wani mai gidan ba. Sun kafa kamfaninsu, Weird Gloop, da goyon bayan Jagex mai wasan, suka koma runescape.wiki. Kamfanin wasan ya ayyana shi a matsayin na hukuma, 'yan wasa suka dinga tura juna can. A hankali suka haye saman tsohon a Google.

40/ Da aka ga abin na yiwuwa sai ƙofa ta buɗe. Path of Exile a 2021. Terraria a 2022, zuwa wani sabon masauki mai suna wiki.gg. Zelda Wiki shi ma a 2022.

41/ Sai wani abu ya faru a Yuni 2023 da ya tunzura har waɗanda ke shiru. Akwai ɗan ƙaramin wiki na masoya tarihin McDonald's. Ana cikin wani kamfen na talla, sai aka sauya shafin Grimace, wani ɗan tsanan kamfanin, aka cire bayanin da mai sa kai ya tattara da hujjojinsa, aka sa rubutun talla da aka biya kuɗinsa na wani ɗan lokaci.

42/ Shafin ɗan tsana ne, na sani, abin dariya ne a fuska. Amma editoci ba haka suka karanta shi ba. Da, talla a gefen rubutu take. Yanzu ta shigo ta zauna a kujerar rubutun. In za a iya yi wa wannan shafi, me zai hana a yi wa naka?

43/ A Satumba 2023 wikin Minecraft, wanda yana cikin mafi girma a duniya, ya koma minecraft.wiki a ƙarƙashin Weird Gloop. A Oktoba 2023 editocin Wowpedia suka bi sahu, suka koma wiki.gg. Ƙorafin bai canza sosai daga na 2010 ba: talla ta yi yawa, shafi ya yi nauyi musamman a waya, kuma ba su da iko kan yadda aikinsu ke bayyana.

44/ Wannan karon ma sunan bai bi su ba. Wowpedia, sunan da suka raɗa da kansu ranar da suka yi tawaye, ya zauna a hannun Fandom. Dole suka sake wani: Warcraft Wiki. Suna na uku, mutane kusan iri ɗaya, aiki ɗaya.

45/ Kuma fita daga Fandom ba kamar fita daga gidan haya ba ne da za ka manna takarda a ƙofa ka ce mun koma layin baya. Dokar kamfanin a lokacin ta taƙaita sanarwar da masu tafiya za su iya bari, ba a yarda ka bi shafuka kana nuna sabon wuri ba, ba a yarda ka goge abin da ka rubuta ba. Wanda ya tashi ya ajiye muƙaminsa, wikin ya ci gaba da zama ko da ba kowa a ciki.

46/ Shi ya sa har wani ya ƙera ƙaramar manhajar burauza, Indie Wiki Buddy, wadda aikinta kawai in ka danna tsohon wiki ta nuna maka ko ta kai ka inda editocin suka koma. Ka ji fa. Sai da aka ƙera na'ura ta musamman don mai karatu ya iya gano inda marubutan suke.

47/ Wani ya tambaya a ƙasa, to me suke samu da suke wannan wahala? Kuɗi dai babu. Abin da na lura, yawanci da ƙaramin abu ake farawa. Ka ga lamba ba daidai ba, ta dame ka, ka gyara. Gobe ka dawo ka ga ba a mayar ba, wani ma ya ɗora a kai. Shi ke nan an kama ka. Bayan shekara biyar kai ne ke gardama da wani ɗan Poland kan inda ya kamata a sa waƙafi.

48/ Wata kuma ta ce ai gara su bar wa kamfanin wasan ya rubuta da kansa. Kamfani ba zai ajiye maka shafin abin da ya cire ba, ba zai rubuta maka inda labarinsa ya saɓa wa kansa ba, ba zai lissafa kurakuransa da kwanan wata ba. Masoya ne kawai ke da wannan naci, kuma su ne ba sa jin kunyar rubuta cewa littafi kaza ya ce shekara kaza, wasan kuma ya ce wata daban.

49/ Yau in ka nemi wani abu na wasan nan za ka iya cin karo da kwafi uku na shafi ɗaya: na ma'ajiyar WoWWiki, na Wowpedia da ke Fandom, da na Warcraft Wiki. Sakin layin farko ma wani lokaci iri ɗaya ne, don hannu ɗaya ya rubuta shi shekaru da suka wuce. In kana son sanin wanne ke da rai, buɗe jerin sababbin canje-canje ka ga inda aka yi gyara cikin awa ɗaya da ta wuce.

50/ Saura abu ɗaya da ban faɗa ba. Shi ma wiki.gg na kamfani ne, wani mai buga wasanni ya kafa shi, kuma a nan ma akwai talla, sai dai ba ta kai ta can ba. Adireshin da suke kai yanzu, warcraft.wiki.gg, reshe ne a jikin adireshin mai masaukin, kamar yadda na Gamepedia ya kasance kafin Disamba 2018.